IN KUNNE YA JI, JIKI YA TSIRA: DARASI A KAN ƘARYAR AFRILU



Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya sanya gaskiya ta zama hanyar tsira. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu (SAW), wanda mutanensa suka shaide shi da gaskiya da amana tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa, ga watan Maris ya zo ƙarshe. Duk shekara a irin wannan lokaci sai tambayoyi su yi ta shigo mini: "Malam, mene ne hukuncin Afril Ful?" Na saba amsawa a taƙaice, in ce ƙarya ce, ƙarya kuwa haramun ce. Bana na ga ya kamata in zauna in yi bayani sosai, saboda akwai wani ɓangare na wannan al'amari da ba mu cika taɓawa ba. Kullum muna magana a kan wanda aka yi wa ƙarya ya yarda. Ba ma magana a kan wanda aka faɗa wa gaskiya ya ƙi yarda, don yana zaton wasa ne. Shi kuwa wannan na biyun, wallahi, wani lokacin asararsa ta fi girma.

ABIN DA YA FARU A NAN GARINMU

Wata safiya bayan sallar asuba, a nan Riruwai, wasu samari biyu suka tsaya suna jirana a bakin masallaci. Wa da ƙani ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ba zan faɗi sunansu ko ƙauyensu ba, sun dai yarda in ba da labarin don wani ya amfana.

Babban yana sana'ar ɗinki a cikin birnin Kano, ƙaramin yana gida tare da iyayensu. Shekara guda kafin zuwansu wajena, ranar 1 ga Afrilu, ƙaramin ya kira wansa da sassafe, ya sa muryar kuka, ya ce: "Yaya, gobara ta tashi a gida, rumbun Baba ya ƙone ƙurmus." Wan ya rufe shago, ya ranci kuɗin mota, ya kama hanya. Duk wanda ya san wannan tafiya ya san ba wasa ba ce: ka fito Kano, ka karya kwana a Kwanar Dangora, ka wuce Tudun Wada, ka ratsa dajin Falgore zuciyarka a hannu, sannan ka doso duwatsun nan namu. Ya iso ya tarar da rumbu a tsaye, ƙaninsa da abokansa suna ta sheƙa dariya. Ya yi fushi, aka ba shi haƙuri, ya kwana ya koma.

Shekara ta zagayo. Ranar 1 ga Afrilu mahaifiyarsu ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida da hantsi. Ƙaramin ya kira, wannan karon kukan gaske yake yi: "Yaya, Inna ba lafiya, ta faɗi, sunanka take kira." Wan ya duba kwanan wata a wayarsa, ya yi murmushi, ya ce: "Bana kam ba za ka same ni ba." Ya kashe. Aka sake kira, ya ƙi ɗauka. Aka kira na uku, ya kife wayar ya ci gaba da taka kekensa. Sai bayan la'asar da kawunsu ya kira shi da kansa ya gane abin da gaske ne. Lokacin rai ya riga ya yi halinsa. Kafin ya iso an kai ta makwancinta.

Tambayar da suka zo da ita guda ɗaya ce. Babban ya ce: "Malam, ni ne mai laifi ko shi?" Ƙaramin bai iya cewa komai ba, kansa a ƙasa.

Amsar da na ba su tana ƙarshen wannan rubutu. Kafin nan mu bi abin daki-daki.

DAGA INA ABIN YA FITO?

A nan sai na fara da kaina, domin ni ma na taɓa yin kuskure a kan wannan.

Akwai labarin da ke yawo a tsakaninmu duk shekara, cewa asalin wannan rana daga Andalus ne. Wai bayan an ci Musulmi da yaƙi, sai aka yaudare su aka ce su fito su hau jiragen ruwa a kai su ƙasashen Musulmi, da suka hau aka nutsar da su, kuma wai ranar 1 ga Afrilu aka yi haka. Ni da bakina na faɗi wannan labari a wajen wa'azi shekarun baya, mutane suka yi ta salati. Bayan an tashi sai wani ɗalibina da ya karanta tarihi ya same ni a gefe, cikin ladabi ya ce: "Allah ya gafarta Malam, a wane littafi aka samo wannan?" Na koma na bincika, ban samu ba.

Abin da tarihi ya tabbatar shi ne, Garnaɗa, birni na ƙarshe da ya rage a hannun Musulmin Andalus, an miƙa shi ne ranar 2 ga Janairu, 1492, lokacin da sarkinta Abu Abdullahi ya sallama wa Fadinan da Isabela. Watan Janairu fa, ba Afrilu ba. Zaluncin da aka yi wa Musulmin da suka rage gaskiya ne, an tilasta musu barin addininsu, daga baya kuma aka kori zuriyarsu daga ƙasar tun daga 1609. Amma wannan ba shi da haɗi da 1 ga Afrilu. Hasali ma mutanen Sifaniya ranar tsokanarsu 28 ga Disamba ce.

Su kansu masana tarihin Turai ba su haɗu a kan asali guda ba. Wasu sun danganta abin da Faransa, inda a 1564 Sarki Shal na Tara ya mayar da farkon shekara 1 ga Janairu, wai sai aka riƙa tsokanar waɗanda suka ci gaba da bikin sabuwar shekara a tsohon lokaci. Wasu suka ce a'a, an samu ambaton al'adar a wani rubutu na 1561, kafin wannan doka. A Faransa suna kiranta kifin Afrilu, 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi boko sun san wannan suna. Abin da babu saɓani a kansa shi ne al'adar Turai ce, ta shigo mana ta makarantun boko da jaridu, waya kuma ta shigar da ita har ƙauye.

Darasi na farko ke nan: ba a yaƙar ƙarya da ƙarya. Na koma wajen da na faɗi wancan labari na janye shi a gaban mutane. Haramcin abin ba ya bukatar mu ƙirƙiro masa tarihi, dalilan da muke da su sun isa.

HUKUNCIN ƘARYA DA SUNAN WASA

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud cewa Annabi (SAW) ya bayyana gaskiya tana kai mutum ga aikin kirki, aikin kirki ya kai shi Aljanna, ƙarya kuma tana kai shi ga fajirci, fajirci ya kai shi wuta, kuma mutum ba zai daina ƙarya ba har a rubuta shi maƙaryaci a wajen Allah. A wani hadisin ya lissafa ƙarya cikin alamomin munafuki.

Wani zai ce: "Ai Malam wasa ne, ba da nufin cuta ba." To ai wasan ma an yi magana a kansa. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi narkon azaba, har ya maimaita, ga mutumin da ke shirya ƙarya don ya ba mutane dariya. Abu Dawud kuma ya ruwaito daga Abu Umama cewa ya lamunce gida a tsakiyar Aljanna ga wanda ya bar ƙarya ko da wasa yake yi. Ku duba har ina abin ya kai: Abdullahi ɗan Amir yana yaro, mahaifiyarsa ta kira shi ta ce ya zo ta ba shi wani abu, Annabi (SAW) yana zaune a gidan. Ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino. Ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. Iyaye mata, "zo ka karɓi alewa" da hannu wayam, kun ji matsayinsa.

Sassaucin da ya zo a hadisin Ummu Kulsum 'yar Uƙba, a Sahihu Muslim, wurare uku ne: yaƙi, sulhu tsakanin mutane, da zancen miji da mata na gyaran zama. Ranar 1 ga Afrilu ba ta zama na huɗu ba. Shari'a ba ta da ranar da alƙalami ke hutu.

Sannan ƙaryar Afrilu ba ta zuwa ita kaɗai, tana tafe da firgitarwa. Wa ya taɓa yin Afril Ful da labarin da ba zai tayar da hankali ba? Kullum dai mutuwa ce, ko haɗari, ko gobara, ko kamu. Abu Dawud ya ruwaito cewa sahabbai suna cikin tafiya, ɗayansu ya yi barci, wani ya ɗauke masa igiya, ya farka a firgice. Annabi (SAW) ya ce bai halatta Musulmi ya tsorata Musulmi ba. Igiya fa! To ina ga wanda ya kira tsohuwa mai hawan jini ya ce ɗanta ya yi haɗari?

Ga wani abu kuma da magidanta ya kamata su ji da kyau. Akwai masu tura wa matansu saƙon "na sake ki" a wannan rana, daga baya su ce wasa ne. Hadisin Abu Huraira da Abu Dawud da Tirmizi da Ibnu Maja suka ruwaito ya nuna abubuwa uku gaskensu gaske ne, wasansu ma gaske ne: aure, saki, da kome. Mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa sakin mai wasa ya auku. Wanda ya riga ya yi, ya je wajen malami ko alƙali ya faɗi lafazin da ya yi amfani da shi, kada ya yanke wa kansa hukunci.

Abin takaici, a 2023 da 2024 wannan rana ta faɗo cikin watan Ramadan, amma wasu da azumi a bakinsu suka yi. Alhali Bukhari ya ruwaito cewa wanda bai bar zancen zur da aiki da shi ba, Allah ba ya bukatar barin cinsa da shansa.

MUSULUNCI BAI HANA RAHA BA

Kada wani ya ɗauka ana so a ɗaure fuska ne. Sahabbai sun ce wa Annabi (SAW) yana yi musu barkwanci, ya amsa da cewa shi dai ba ya faɗin komai sai gaskiya. Wani ya roƙe shi abin hawa, ya ce zai ɗora shi a kan ɗan taguwa. Mutumin ya ce me zai yi da ɗan taguwa? Sai ya tuna masa cewa ai kowane raƙumi taguwa ce ta haife shi. An yi dariya, ba a yi ƙarya ba, ba wanda ya firgita.

Mu ma Hausawa ba mu rasa hanyar raha ba. Ga wasan kaka da jika, ga na taubasai, ga na Kanawa da Zage-zagi, wanda mu da ke kan iyaka da ƙasar Zazzau muka fi kowa saninsa, ga na Fulani da Barebari. Ku lura da bambancin. A irin wannan wasa duka ɓangarorin biyu sun san wasa ake yi, tare ake dariya. Ita kuwa ƙaryar Afrilu ba ta yin daɗi sai ɗayan bai sani ba. Daɗinta yana cikin amanar da ya ba ka. Ka ga ashe ba wautarsa kake yi wa dariya ba, yardar da ya yi da kai ce ka mayar abin dariya.

ƁARNAR DA BA A GANI: RANAR DA GASKIYA TA ZAMA WASA

Nan ne nake so mu daɗe.

Bukhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa da aka umarci Annabi (SAW) ya gargaɗi danginsa makusanta, sai ya hau dutsen Safa ya kira Ƙuraishawa. Kafin ya faɗi saƙon sai ya fara da tambaya: idan ya ba su labarin cewa akwai mahaya a bayan kwarin nan suna shirin kawo musu hari, za su gaskata shi? Suka ce ƙwarai, ba su taɓa jin komai daga gare shi ba sai gaskiya. Ku tsaya ku yi tunani. Shekara arba'in yana tara wannan jari, ranar gargaɗi ya fito da shi. Gargaɗi ba ya aiki sai da yarda. Ita kuwa yarda kamar hatsin rumbu take, da kaɗan-kaɗan ake tara ta, a dare ɗaya wuta ke cinye ta.

Hausawa suka ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Amma sai kunnen ya yarda da abin da ya ji. Duk ƙaryar wasa da ka yi, kana koya wa kunnen ɗan'uwanka ne ya daina yarda.

Su masu al'adar sun ɗanɗana kuɗarta. Ranar 1 ga Afrilu, 1946, girgizar ƙasa ta auku a ƙarƙashin teku kusa da Alaska. Bayan kimanin sa'o'i biyar igiyar ruwa mai girman gaske ta isa tsibiran Hawai da safe, ta afka wa garin Hilo. Mutum 159 suka mutu a tsibiran, cikinsu har da 'yan makaranta da malamansu. Waɗanda suka tsira sun ba da labarin cewa da aka riƙa ihu ana cewa ruwa na zuwa a gudu, akwai waɗanda suka ɗauka tsokanar ranar ce.

A 2010 kuma, a ƙasar Jodan, ƙasar Musulmi, jaridar Al-Ghad ta buga a shafin farko ranar 1 ga Afrilu cewa wasu halittu daga sararin sama sun sauka kusa da garin Jafar. Iyaye suka hana yara zuwa makaranta, aka tura jami'an tsaro bincike, shugaban garin ya kusa kwashe mutane wajen 13,000. Can gaskiya aka ɗauka wasa, nan wasa aka ɗauka gaskiya. Duk tushen ɗaya ne.

Ko a harkar kasuwanci haka ne. Kamfanin Google ya fito da Gmail ranar 1 ga Afrilu, 2004, mutane da yawa suka ce ƙarya ce, saboda kamfanin ya saba tsokana a ranar. A 2020, da annobar korona ta zo, shi wannan kamfani ya dakatar da wasan. Sun gane cewa lokacin da mutane ke neman sahihin labari don su tsira da ransu, ba lokacin gwada musu ƙarya ba ne.

Mu dawo gida. Wa ya manta daren ruwan gishiri? A watan Yuli na 2014 cutar Ebola ta shigo Legas. Farkon watan Agusta, cikin dare ɗaya, saƙo ya zagaye ƙasar nan cewa kowa ya yi wanka da ruwan gishiri ya kuma sha. Ni ma an tashe ni a wannan dare, wanda ya kira ni kuwa masoyina ne, da zuciya ɗaya ya kira. Aƙalla mutum biyu suka rasa ransu, wasu aka kwantar a asibiti. Cutar ba ta zo Kano ba, amma ƙaryar ta shiga gida-gida. Bayan shekara shida korona ta zo, aka tabbatar da ita a Kano ranar 11 ga Afrilu, 2020, mutane da yawa suka ce zancen banza ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Mu kuma an sha nuna mana tsumma ana cewa maciji ne, har ranar da macijin ya zo muka tsaya muna dariya.

Ku dubi yankinmu da kyau. Mu mutane ne da rayuwarmu ta rataya a kan labarin baki. Direban da ya fito daga Falgore ya ɗaga wa na bayansa hannu ya ce kada ya shiga, an tare hanya. Yaro ya sheƙo daga wajen haƙar kuza ya ce rami ya rufta da mutane. Makiyayi ya kira ya ce an kora shanu. Ladan ya ɗauki lasifika ya yi sanarwar rasuwa ko ɓatan yaro. 'Yan'uwanmu na Bebeji ba su manta fashewar madatsar Bagauda a watan Agusta na 1988 ba, kuma duk mun ga abin da madatsar Alau ta yi wa Maiduguri a watan Satumba na 2024. Waɗanda ke zaune ƙasan Tiga, in aka ce musu cikin dare ruwa na zuwa, ba su da lokacin tambayar yau nawa ga wata. Asibiti da nisa, jami'an tsaro da nisa, wani wurin sabis ma sai ka hau tudu. Abin da ya rage mana shi ne in ɗan'uwanka ya yi kururuwa ka fito. Wanda ya yi wasa da kururuwa, garin gaba ɗaya ya cuta, ba mutum ɗaya ba.

Shi ya sa azabar mai yaɗa ƙarya ta yi tsanani. A hadisin Samura ɗan Jundub, cikin Bukhari, an nuna wa Annabi (SAW) a mafarki wani mutum ana tsaga masa baki da hanci da ido har ƙeya, aka ce shi ne wanda ke fita daga gida ya yi ƙaryar da za ta kai ko'ina a duniya. A da mutum zai yi mamakin yadda ƙaryar mutum ɗaya za ta kai nan. Yau yatsa ɗaya ya isa, a Facebook ko WhatsApp.

TO IDAN LABARI YA ZO MAKA, YAYA ZA KA YI?

Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu, in fasiƙi ya zo da labari, mu bincika, don kada mu cutar da wasu cikin jahilci mu koma muna nadama. Ku lura, ba a ce mu karɓa ba, ba a kuma ce mu jefar ba. Bincike aka ce. In labarin fasiƙi ma ba a yar da shi sai an duba, ina ga na ƙaninka?

Alƙur'ani da Sunna sun ba mu misalai. Da alhudahuda ya zo wa Annabi Sulaimana (AS) da labarin Saba'u, a Suratun Namli, bai gaskata nan take ba, bai kuma kore shi ba, sai ya aike shi da wasiƙa don a gane gaskiyarsa. Da wani mutum ya zo a guje ya gaya wa Annabi Musa (AS) ana shirin kashe shi, a Suratul Ƙasas, bai tsaya jayayya ba, ya fita daga garin. Wani dare mutanen Madina suka ji ƙara suka firgita, suka fito sai suka haɗu da Annabi (SAW) yana dawowa a kan dokin Abu Ɗalha ba sirdi, ya riga su zuwa ya dubo, yana kwantar musu da hankali. Da jita-jita ta bazu cewa ya saki matansa, Sayyidina Umar bai tsaya cikin masu zancen ba, ya je ya tambaye shi da kansa, ya samu ba haka ba ne.

Daga waɗannan na fitar mana da ƙa'idoji biyar:

1. Labarin haɗari, in kaucewa ba za ta cutar da kowa ba, fara kaucewa sannan ka bincika. An ce an tare hanya? Tsaya a gari mafi kusa ka tambayi direbobi. In ƙarya ce ka yi asarar sa'a guda. In gaskiya ce fa?

2. Labarin da zai sa ka cutar da wani, ko ka sha wani abu, ko ka tura kuɗi, ko ka zargi wata ƙabila, kada ka motsa sai ka tabbatar.

3. Nemi baki na biyu. An ce wane ba lafiya ko ya rasu, kira wani babba a gidan. Kira ɗaya ne, bai kai kuɗin ƙosai ba.

4. Abin da ba ka tabbatar ba, kada ka tura. Muslim ya kawo a gabatarwar littafinsa cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Rubuta "kamar yadda aka turo mini" ba ya wanke ka. Aya ta 83 a Suratun Nisa'i ta zargi masu watsa labarin aminci ko na tsoro kafin su mayar da shi ga waɗanda suka san kansa.

5. In kai ne mai ba da labarin gaske, faɗi sunanka, da wurin, da lokacin, ka kuma haɗa mutum da wani wanda zai tabbatar masa.

AMSAR DA NA BA SAMARIN NAN

Na ce musu: 'ya'yana, ku fara sanin cewa babu wanda ya kashe Inna a cikinku. Ajalinta ne ya zo, da kana gabanta ma ba za ka ƙara mata numfashi ɗaya ba. Kada Shaiɗan ya shiga ta nan ya raba ku.

Na juya ga ƙaramin na ce: kai ka yi ƙarya, ka firgita ɗan'uwanka, ka sa shi bashi da tafiyar haɗari. Wannan zunubi ne tun ranar da ka yi shi, ko da abin da ya biyo baya bai faru ba. Ka tuba, ka nemi gafararsa, ka biya shi kuɗin motar da ya kashe in bai yafe ba.

Na ce wa babban: kai an cuce ka, kuma uzurinka a fili yake. Amma da ka kira kawunku ko wani maƙwabci, da ka ji gaskiya tun da hantsi. Ka riƙe wannan, ka yafe wa ƙaninka. Biyayyar iyaye ba ta ƙarewa da mutuwarsu, akwai addu'a, akwai sadaka, akwai sada zumuncin da suka bari. Zumunci na farko da ta bar muku kuwa shi ne ku biyun nan.

Babban ya daɗe bai yi magana ba. Can ya ce: "Malam, na yafe masa. Abin da ke damuna, an ce sunana take kira." Ban sami abin ce masa ba, sai addu'a na yi musu.

'Yan'uwa, wanda ya san ya taɓa yi, ƙofar tuba a buɗe take. Ka yi nadama, ka daina, ka nemi afuwar wanda ka tayar wa hankali, in a fili ka watsa ka koma wurin ka gyara. Iyaye da malaman makaranta, ku gaya wa yara tun kafin ranar. In wani ya gwada maka, kada ka yi dariya don ka faranta masa, kada kuma ka zage shi. Ka ce masa: "Ina so in ka kira ni cikin dare in taso ba tare da na yi shakka ba. Kada ka ɓata wannan."

Allah ya jiƙan wannan baiwa tasa da dukkan magabatanmu. Allah ya tsare harsunanmu da yatsunmu daga ƙarya, ya sanya mu cikin masu gaskiya, ya zaunar da yankinmu da ƙasarmu lafiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, wanda ya gani ya gyara mini kamar yadda ɗalibin nan ya yi.

Wassalamu alaikum warahmatullah.